Sa hannuna a takardar kaya: yaya mai bi zai ƙi ƙarya a wurin aiki?

Ɗan Sabon Gari:

Salama a gare ku, iyayena da yayyena cikin Ubangiji. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ba tare da na ce komai ba, amma yau wata damuwa ta hana ni barci, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shekara biyu ke nan ina riƙe da mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a wani kamfanin sayar da kayan gini a nan Damagaram. Aikina shi ne in tsaya a bakin mota idan kaya sun iso, in ƙirga abin da 'yan dako suka sauke, in sa hannu a takardar rakiyar kaya, sannan in shigar da adadin cikin rajista. Mu goma sha huɗu ne a wurin, ni kaɗai ne Kirista, kuma ba zan ɓoye ba, ana zaune da ni lafiya. Ranar Juma'a ni nake tsare mangaza su tafi masallaci, ranar Lahadi kuma ba a taɓa kirana aiki ba.

Wata biyu da suka wuce wata mota ta iso da yamma da siminti, takarda ta ce buhu 600, wato tan 30, amma da na ƙirga sai na sami 580. Wakilin maigida, wanda shi ne ya yi mini hanyar wannan aiki, ya ja ni gefe ya ce in rubuta 600, sauran za a shigar da su daga baya cikin buhunan da suka fashe ko suka daskare. Tsoro ya kama ni, na sa hannu. Washegari na tarar da ambulan a cikin rajistata da jaka goma a ciki. Makonni uku bayan haka abin ya sake faruwa, buhu 25 suka yi ɓatan dabo, na sake sa hannu, aka sake ajiye mini jaka goma sha biyar. Kuɗin suna nan ban taɓa ko dala ba, amma tun daga ranar ban iya zuwa teburin Jibin Ubangiji da sakakkiyar zuciya ba.

Mota ta uku tana tafe a mako mai zuwa. Ina da mata da ɗa guda, ina biyan haya, mahaifiyata kuma a kaina take. Ta yaya zan ƙi sa hannu ba tare da maganar ta koma ta addini ba, a ce Kirista ya zo yana kiran Musulmi ɓarayi? Mene ne kuma ya wajaba a kaina game da sa hannu biyu da na riga na yi?

Tsohon Kwantabul:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka faɗi abin yadda yake, har da naka laifin a ciki. Na yi shekara talatin da ɗaya ina riƙe da lissafin kuɗi kafin in ajiye aiki, saboda haka bari in fara da abin da idon ma'aikaci yake gani, kafin in zo ga abin da Littafi Mai Tsarki ya ce.

Buhu 45 ɗin nan, a takarda, suna cikin mangazarka. Ranar da maigida zai sa a yi ƙidayar ƙarshen shekara, ba za a nemi direba ba, ba za a nemi wakili ba, domin babu sunan ko ɗayansu a wurin da aka rubuta cewa kaya sun shigo cikakku. Sunanka ne a wurin. Dabarar buhunan da suka fashe ba ta daɗewa, domin duk wanda ya san siminti ya san cewa buhun da ya fashe ana sake ɗura shi a sayar, wanda ya daskare kuma ana ganin gawarsa a ajiye, kuma mai bincike zai ce a nuna masa. Ambulan ɗin da aka sa maka a rajista igiya ce aka ɗaura maka a ƙafa, kuma ka san kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wannan ne abin da Fitowa 23:8 take nufi da ta ce toshiya tana makantar da mai gani.

Ga abin da zan yi da ni ne a matsayinka. Tun kafin motar ta iso, ka sami wakilin shi kaɗai, a inda babu kunne na uku, ka gaishe shi da ladabin da ya dace da wanda ya yi maka hanyar abinci, ka mayar masa da jaka ashirin da biyar ɗin a cikin ambulan ɗinsu. Ka ce masa ka kasa barci, kuma daga yau abin da idonka ya ƙirga shi hannunka zai rubuta. Kada ka yi masa wa'azi, kada kuma kalmar nan "mu Kirista ba ma yin haka" ta fito daga bakinka, domin ma'anarta a kunnensa ita ce su suna yi, kuma wannan ƙarya ce a kan mutane da yawa masu amana da na yi aiki tare da su. Ranar da motar ta zo, ka ƙirga a gaban shugaban 'yan dako da mai gadi, ka rubuta a jikin takardar da alƙalami, da lamba da kuma harufa, adadin da aka karɓa bisa adadin da aka turo, ka sa direba ya sa hannu a ƙarƙashi. Idan ya ƙi, ka rubuta cewa ya ƙi, da rana da lokaci. Ka sayi ƙaramin littafi naka na kanka wanda ba ya kwana a mangaza, ka riƙa kwafe kowace mota a ciki.

Lokacin da masu karɓar haraji da sojoji suka je wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, a Luka sura 3, bai ce su bar aikinsu ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade musu, ya ce wa na biyu kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su kuma gamsu da albashinsu. Na daɗe ina tunanin wannan amsa, domin mutanen sun je neman abin da ya shafi tuba, shi kuwa ya mayar da su kan rasit da ƙarshen wata.

Ba zan yaudare ka in ce abin ba ya da farashi ba. A shekarata ta tara a aiki na ƙi amincewa da wata takardar biyan kuɗin gyaran ginin da ba a gyara ba, kuma kafin wata uku aka tura ni wani gari mai nisa inda na yi shekara huɗu, iyalina suna nan, ina ganinsu sau biyu ko uku a shekara. 'Yata ta fari ta fara tafiya ba na nan, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Amma da bincike ya zo daga baya, ni ba a kira ni ko sau ɗaya ba.

Maman Tagwaye:

Baba ya gama maganar takarda, ni zan taɓo tsoron da ka ambata, ƙanena, na kada magana ta koma ta addini. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara goma sha takwas ina aiki a ɗakin haihuwa, kuma mafi yawan wannan lokaci ni kaɗai ce mai bi a cikin abokan aikina.

Abin da na koya shi ne, yadda za a karɓi "a'a" ɗinka ya dogara ga irin zaman da ka yi da mutane kafin ranar. Tun ina sabuwa na sa wa kaina cewa duk ƙaramar Salla da babbar Salla ni zan riƙe aikin dare, domin 'yan'uwana su yi hidimar gidajensu, kuma a watan azumi nakan karɓi majinyata daf da magariba su samu su sha ruwa a natse. Ban taɓa roƙon a rama mini ba, amma yau shekara da shekaru ba a sa sunana a jadawalin Kirsimeti ko Ista. Ina zuwa sunansu da bikinsu da ta'aziyyarsu, suna zuwa nawa. Saboda haka ranar da na ƙi yarda a sayar wa wata mata daga ƙauye maganin da aka kawo don a bayar kyauta, an yi fushi da ni na kwanaki, amma babu wadda ta ce ina ƙin Musulmi, domin babu wanda zai yarda da ita.

Duk wanda yake garin nan ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 bai manta ba, ranar da aka ƙona majami'u bayan zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa, washegari kuma wutar ta kai Yamai. Ni ina bakin aiki, yarana suna gida su kaɗai. Wata abokiyar aikina Musulma, wadda muka taɓa yin saɓani mai zafi da ita a kan maganar kuɗin majinyata, ita ce ta tura mijinta ya kwaso su a kan babur, suka kwana uku a ɗakinta tare da nata 'ya'yan. Da na je godiya na kasa magana, ita kuma ta ce in bar zancen. Ina faɗa maka wannan ne domin ka daina kallon mutum goma sha uku ɗin nan a matsayin bango guda. A cikinsu akwai waɗanda abin yake damunsu kamar yadda yake damunka, sun yi shiru ne saboda su ma suna da haya da iyaye.

Game da shaidar bangaskiya kuwa, ni ban taɓa buɗe Littafi a ɗakin aiki ina yi wa wani wa'azi ba, domin lokacin na majinyata ne kuma albashinsa ake biyana. Idan an tambaye ni ina amsawa, da tawali'u da girmamawa kamar yadda Bitrus ya ce a wasiƙarsa ta fari, kuma an sha tambayata, yawanci da tsakar dare bayan an fita daga haihuwa mai wuya.

Mai Shago a Kasuwar Dole:

Baba da Yaya, ku gafarce ni, ban zo musanta gaskiyar abin da kuka faɗa ba, amma akwai gefen da ba a taɓa ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baba, ku ma'aikacin gwamnati ne, da kuka ƙi sai aka canza muku gari, albashi bai tsaya ba, yau kuma kuna da fansho. Wannan yaro a kamfanin mutum ɗaya yake, inda kalma guda daga bakin wakili ta isa a ce ya ajiye mabuɗi. Ni an taɓa sallamata haka a wani shagon kayan masarufi saboda na ƙi sake manna kwanan wata a kan kayan da suka lalace, na yi wata goma sha ɗaya ina kabu-kabu da babur na haya, kuma a cikin waɗanda suka yi ta yaba mini a majami'a babu wanda ya tambaye ni ko akwai hatsi a gidana.

Ba na cewa ya sa hannu a ƙarya. Ina cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau ya fara neman wata ƙofa, ya sanar da matarsa halin da ake ciki domin ita ma za ta ɗauki nauyin, ya kuma bincika ko yana da kwantaragi a rubuce da rajistar asusun ma'aikata, domin idan an kore shi ba bisa ƙa'ida ba akwai ofishin sufeton ƙwadago da zai kai kuka. Sannan ina da tambaya ga shugabanninmu: idan muka ce wa matasa su tsaya a kan gaskiya, me ikilisiya ta tanada domin ranar da gaskiyar ta raba su da abinci? Akwai kuma iyayen gida, har da masu bi a cikinmu, da suke riƙe albashin yaransu wata biyu ko uku, alhali Yakubu 5:4 ta ce hakkin ma'aikatan da aka danne yana kuka. Wanda ya hana lebura kuɗinsa shi ma yana da hannu a buhun da ya ɓace.

Malam na Birni:

Ni Musulmi ne, wani abokina ne ya nuna mini wannan tattaunawa, kuma ina neman izini in sa baki kaɗan. Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, abin da kake gudu haramun ne a wurinmu kamar yadda yake a wurinku. A cikin Alƙur'ani akwai sura guda, ta 83, da ta buɗe da gargaɗi mai tsanani ga masu tauye mudu da awo, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Duk wanda ya juya maganarka ta koma ta addini, yana neman mafaka ne kawai. Shawarata ita ce ka dubi wanda ya fi kowa shekaru da tsoron Allah a cikin ma'aikatan, ko da mai gadi ne, ka roƙe shi ya riƙa tsayawa tare da kai wajen ƙirga. A garin nan ana jin kunyar furfura, kuma abin da za a iya yi a gaban yaro ba a yinsa a gaban dattijo.

Fasto daga Zango:

Malam, mun gode ƙwarai, kuma ƙofa a buɗe take. Mai Shago, maganarka ta same mu, kuma ba zan kare kanmu ba. Bulus ya ce wa Galatiyawa su ɗauki nauyin juna, kuma yabo a bakin majami'a ba ɗaukar nauyi ba ne. Zan kai wannan magana gaban dattawanmu, domin abin kunya ne a ce muna tara kuɗin rufin kwano amma ba mu da ko buhun hatsi a ajiye saboda ɗan'uwan da ya rasa aiki a kan gaskiya. Tun da 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a garin nan a 1924 masu bi ba su taɓa yin yawa ba, kuma jama'a kaɗan ba ta da hujjar da za ta ce ba ta san halin da 'ya'yanta suke ciki ba.

Ɗana, tambayarka ta biyu ce ba a amsa sosai ba, wato sa hannu biyun da suka wuce. Ka furta laifinka ga Allah, kuma alkawarinsa a 1 Yahaya 1:9 tabbatacce ne, saboda haka kada ka ci gaba da nisantar teburin Ubangiji kamar wanda ba shi da Mai Ceto. Amma akwai mutumin da aka cuta, shi ne mai dukiyar, kuma rajistarsa har yanzu tana ɗauke da ƙarya da rubutun hannunka. Zakka, mai karɓar harajin nan na Luka sura 19, bai tsaya ga nadama a zuci ba, ya yi maganar mayarwa a fili. A ganina mayar da ambulan ga wakili mataki ne na fari kawai. Bayan haka ka ba shi dama, ka ce masa rajista tana bukatar gyara kuma ka fi so shi da kansa ya je wurin maigida, ko ku je tare, cikin wa'adin da za ku yanka. Idan wa'adin ya cika bai motsa ba, ka je ka faɗi naka laifin, abin da ka ƙirga da abin da ka rubuta, ba tare da ƙari ko zato a kan inda buhunan suka tafi ba, tun da ba ka gani da idonka ba. Na san Baba zai iya ganin wannan ya yi tsauri ga yaro mai iyali, kuma ina so in ji ra'ayinsa.

Tsohon Kwantabul:

Fasto, bai yi tsauri ba, sai dai ina ƙara sharaɗi guda: kada ya je wurin maigida da baki kawai. Ya rubuta a takarda, kwafi biyu, da ranakun motocin da lambobinsu, ya riƙe ɗaya. Mai Shago kuma ya yi gaskiya, hanyata ta fi tasa sauƙi, na karɓi gyara.

Ɗan Sabon Gari:

Iyayena, na dawo in sanar da ku inda aka kwana. Na faɗa wa matata komai a daren da na karanta amsoshinku. Ta yi kuka, sannan ta ce da ta san da kuɗin a ɗakin da ba ta yarda sun kwana ba. Ranar Litinin na sami wakili bayan an tashi, na mayar masa da ambulan biyun kamar yadda Baba ya ce. Bai ɗaga murya ba, ya dube ni ya ce ashe haka zan saka masa, ya sa kuɗin a aljihu ya tafi.

Motar ta iso ranar Laraba da la'asar. Na roƙi Baba mai gadi, wanda ya kusa shekara saba'in kuma shi yake jan salla a wurin, ya tsaya tare da ni, ya kuwa ɗauko kujerarsa ya zauna a bakin motar da carbinsa, yana ajiye tsakuwa ɗaya a kan kowane buhu ashirin. Muka sami 585. Na rubuta a jikin takardar da lamba da harufa, direba ya yi ta waya, a ƙarshe ya sa hannu. Da muka gama, dattijon ya ce mini tun motar farko ya lura, yana jira ne ya ga irin yaron da nake.

Yanzu wakili ba ya amsa gaisuwata, kuma an ce daga wata mai zuwa wani ne zai riƙa karɓar motocin yamma. Kwantaragina na duba, a rubuce yake, saura wata biyar ya ƙare. Na ba wakili wa'adi zuwa ranar da maigida zai dawo daga Yamai, kwana tara ke nan daga yau. Na fara rubuta takardar buhu 45 ɗin, amma na tsaya a wuri guda: shin in ambaci ambulan ɗin da na karɓa na mayar, ko in tsaya ga adadin kaya kawai? Idan na ambata, dole sunan wakili ya fito, idan kuma na yi shiru, ina jin kamar na sake rubuta 600. Baba Kwantabul, idan za ku yarda, zan kawo muku takardar bayan sujada ranar Lahadi ku duba mini kafin in kwafe ta.